Goggon da Ta Ce In Kira Sunan 'Yata

Ranar da Goggo ta rasu ina bakin aiki a shagon maganin da ke Longsight, a Manchester, ina haɗa wa wani dattijo maganinsa na hawan jini, wayata ta yi ta ruri a aljihu. 'Yarta ce daga Birmingham. Ta ce Goggo ta yi sallar asuba, ta sha shayinta, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa kafin ta fita, shi ke nan ba ta tashi ba. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina ne ya faɗa. Abin da zuciyata ta fara tambaya kuwa, Allah ya yafe mini, shi ne: to yanzu wa zai tsaya mini a kotu?

Ranar jana'iza na saɓi ƙaramin ɗana na kama jirgin ƙasa. Gidan 'yar tata yana Sparkhill, bayan Stratford Road, kuma tun daga nesa za ka gane shi, don takalma sun cika ƙofa har sun gangaro kan hanya. Na ga wata likita da ko gaisuwa da ƙyar take amsa wa mutane, tana kuka da majina ba ta ko gogewa. 'Yammatan da aka haifa a nan, waɗanda ba su iya "ya haƙuri" ba, sai su shigo su rungume 'yar marigayiya kawai. Wata Baturiya daga council, wato hukumar gari, ta cire takalminta, ta ari gyale ta yafa a karkace, ta zauna a kan darduma tun azahar har aka yi la'asar. A ɗakin maza kuma akwai wani Alhaji, babban akanta, wanda ya taɓa rantsuwa a bainar jama'a cewa ko a hanya ba zai ƙara gaishe da Goggo ba. An ce har aka watse bai ɗaga kai ba.

Kowa sai "Goggo ta yi mini kaza, Goggo ta yi mini kaza." Duk an yi musu an gama. Ni kaɗai ce a ɗakin nan da ba ta ƙarasa nawa ba. Masu ba ni haƙuri suna cewa lallai kin shaƙu da ita. Na shaƙu da ita, wallahi. Amma rabin kukan nan na 'yata ne, wadda ke hannun wata mai riƙo a Erdington, cikin garin da nake zaune ina makoki, kuma ba ni da izinin zuwa in gan ta sai ranar da aka yanka mini.

Goggo ba ƙanwar ubana ba ce, ba ta haɗa jini da kowa a cikinmu ba. Haka dai kowa ke kiranta, har Turawan council sun koya. Ita ce shugabar wata ƙungiya tamu ta iyaye, mu muka kafa, mu muke zaɓen kwamiti, mai ofis a saman wani shagon nama a Longsight da ɗaki guda a Sparkhill. Aikinsu yaranmu ne da suka shiga hannun hukuma: wanda makaranta ta kai ƙara, wanda likitan unguwa ya ga tabo a jikinsa, wanda uwarsa ta kwanta asibiti babu mai kula da shi. Goggo ke raba wa ma'aikata aiki, ita ke bin kowanne ta ji inda aka kwana, ita ke zuwa zama da council.

Ta koyi aikin ne a Ostareliya, lokacin da maigidanta injiniya yake aiki a can. Ta shiga wata ƙungiya ta 'yan asalin ƙasar, wadda su da kansu suke tafiyarwa don 'ya'yansu. Takan ba mu labarin tsofaffin matan wurin, da yawansu an ƙwace su daga iyayensu tun suna ƙanana. Ta ce wata ta gaya mata tana tuna tafin hannun uwarta sarai, amma ko kalma ɗaya ta yarensu ba ta rage mata ba. "Su suka koya mini," in ji ta. "Ba a yanke magana a kan yaro sai mutanensa suna cikin ɗakin. Ba a bakin ƙofa ba, a ciki."

Mace ce gajeriya mai sanyin ƙafa. Duk ofishin da ta shiga sai ta zare takalmi a ƙarƙashin tebur ta ɗora ƙafafunta a jikin hitar ɗumama ɗaki, ko da kuwa manyan council ne a gabanta. Filas ɗinta na shayin citta ba ya rabuwa da ita, kuma ba ta tayi, zuba maka kawai take yi ta tura gabanka. Idan ma'aikaciyarta ta ce "case ɗin nan," sai ta ɗaga mata hannu. "Wane case? Ɗan wa? Me ya ci da safe?" A taronsu na ranar Litinin tambaya ɗaya take yi wa kowa, kuma wadda ba ta da amsa sai ta koma gidan ta samo: idan yaron ya tsorata, wa yake nema?

Kada a ɗauka ta tsaya wa iyaye ne ido rufe. Alhajin nan akanta ya zane ɗansa da wayar caja har bayan yaron ya fashe. Manyan masallaci suka hau ofis suka ce a rufa asiri, a gyara a cikin gida, kada Turawa su ji. Ta bar su suka gama, ta zuba musu shayi, sannan ta ce ai tun kafin su hawo bene ta riga ta kira council. Kai, ranar nan an yi tashin hankali. Aka ce 'yar leƙen asiri ce, aka ce ta sayar da mu. Mata suka daina gayyatarta suna. Ita kuwa kafin yamma ta nemo ƙanwar uwar yaron, ta kai ta gaban council ta ce ga wadda za ta riƙe shi, ku bincike ta. Yaron bai kwana a hannun baƙo ba. Ta bi uban kuma ba ta ƙyale shi ba, har ya je koyon da aka ɗora masa, har aka mayar masa da ɗansa. Bai taɓa yi mata godiya ba, ita ma ban taɓa jin ta ambaci hakan ba.

Nawa labarin ga shi. Maigidana ya rasu ina da cikin ƙaramin nan. Bayan na haihu kaina ya juye, ba barci, ba ci, ina jin abubuwan da babu su. Aka kwantar da ni asibiti tare da jaririn. 'Yata ta fari tana da shekara tara, ba ni da ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasar nan, sai council suka ce za su ajiye ta wurin mai riƙo kafin in warke. Ba a samu wuri kusa ba sai Birmingham. Na sa hannu da kaina, har ina godiya.

Na warke, na koma flat ɗina, na koma aiki. Na ce a ba ni 'yata. Suka ce sai an ga yadda muke da juna tukuna, za a riƙa haɗa mu a wani ɗaki, ma'aikaciya tana zaune tana rubutu. Na ce bismilla, me zan ɓoye? Nakan je da abinci, in duba kunnenta da farcenta, in tambaye ta karatu. Ashe abin da ake rubutawa daban. Wai uwar tana wasa da jaririn, tana sumbatarsa, tana kiransa da sunaye. Wai babbar kuwa ba ta rungumarta, ba ta haɗa ido da ita, kuma tun da aka fara ba a taɓa jin ta kira sunanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan." Aka tambayi yarinyar, ta ce ai dama Mama ba ta sonta, ba ta taɓa faɗin sunanta ba.

Oh ni! 'Yar fari ce fa. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce, kara ce. Ni ma 'yar fari ce. Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ko da rana ɗaya ban yi shakkar tana sona ba. Ga shi kuma sunan uwar mijina yarinyar ta ci, kunya a kan kunya. Wai wannan ne ya zama hujja har magana ta kai kotu, a duba ko za a bar ta a hannun riƙo har ta girma.

A nan ne wata maƙwabciya ta ja ni ta kai ni wurin Goggo. Na hau benen ina huci. Ta saurare ni, ta karanta abin da suka rubuta, ta yi dariyar da ta ba ni haushi. "'Yar nan, ke da kika yi jami'a har biyu, ba wanda ya gaya miki ana kallonki?" Washegari ta kira council ta ce daga yau duk zaman da za a yi kan yarinyar nan da ita za a yi.

Na ga aiki. Ta zaunar da ma'aikaciyar, ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari dalla-dalla, ba faɗa, ba raini. Ta ce mata, "Kin rubuta ba ta rungume ta ba, gaskiya ne. Kin rubuta cewa ta tashi tun duhu ta yi mata waina ta ɗauko daga Manchester da zafinta? Kin rubuta cewa da ta ga takalmin yarinyar ya matse ta, bakinta ya yi ta rawa?" Matar ba muguwa ba ce, abin da idonta ya saba gani shi take nema. Ta ce za ta ƙara a rahoto, amma maganar da yarinyar ta faɗa da bakinta ba za ta gogu ba, alƙali zai ji ta. Lauyata ta ce to Goggo ta zo kotu ta yi wannan bayanin da kanta, don alƙalai sun san ta kuma suna jin maganarta. Goggo ta ce ko a keken guragu ne za ta zo.

Kusan duk ranar ziyara tare muke tafiya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta hau bas a Stockport Road, ta hau jirgi, ta sake hawa bas zuwa Erdington, tana mita tun daga farko har ƙarshe cewa kujerun ƙasar nan don masu dogayen ƙafa aka yi su. Ran da ta ga gashin yarinyar ya cukurkuɗe, ba ta kai ƙarar mai riƙon ba. Ta nemi izini ta je gidan da man kaɗanya da matsefi, ta zaunar da matar ta koya mata tsifa da kitso. Tun daga nan yarinyar take kiranta Kaka. Sukan keɓe su biyu suna ƙus-ƙus suna dariya, ni ina gefe ina jin kishi kamar me.

Faɗanmu a jirgi muka yi shi, muna dawowa. Ina cikin jin daɗi, ina cewa yanzu dai sun fahimta. Sai ta ce, "Su sun fara fahimta. Yarinyar fa?"

Na ce, "Goggo, ai za ta gane idan ta girma, kamar yadda na gane."

"Ke a ina kika girma?"

"A Kano."

"A gida mai mutum nawa? Kakarki tana kiran sunanki, goggonninki suna goya ki, duk 'yan fari na unguwa haka ake yi musu, kina gani. Uwarki ta yi kunya ne don akwai masu yi mata abin da ta bari. Ita wannan wa take da shi? Ubanta da ke jan ta a jiki ya tafi. A makaranta tana ganin kowace uwa tana ƙwala wa 'yarta kira a bakin ƙofa. Ki kira sunanta, 'yar nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Goggo! Ke ce kike gaya musu su girmama al'adarmu, yanzu kuma ke ce za ki ce in zubar? To me ya raba ki da su? Don Baturiya ta samu abin rubutawa zan tsaya ina kiran sunan surukata gatsal kamar marar tarbiyya?"

Ta ce, "Ni ba Baturiya nake ji ba. Zan tsaya gaban alƙali in rantse kina son 'yarki, don na gani da idona. Amma ita ba alƙali ba ce, ba za ta karɓi shaidata ba."

Na ce abin da bai kamata ba, cewa dama an ce ta zama tasu. Ta buɗe filas ta zuba shayi ta tura mini, na ƙi sha, ya huce a kan ɗan teburin har muka iso. Mako na zagayowa na same ta a tashar bas ta riga ni zuwa, tana mitar gwiwa kamar ba abin da ya faru. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ni kuma na gwada a banɗaki, ni kaɗai gaban madubi, sunan ya tsaya mini a maƙogwaro ya ƙi fita. Wanda bai tashi a haka ba ba zai gane ba. Ji nake kamar an ce in tuɓe a kasuwa.

Maganarmu ta ƙarshe ta waya ce, ana saura kwanaki kaɗan ta rasu. Ta ce ta gama tsara abin da za ta faɗa a kotu, duk yana kanta. Na ce ta rubuta mana. Ta ce rubutu ba ya kallon alƙali a ido. Ta tambayi ko ƙaramin ya fara haƙori, ta ce in shafa masa abu mai sanyi a dasashi.

Bayan an share makoki na hau ofis. Mataimakiyarta mutuniyar kirki ce, amma a nan aka haife ta, ita kanta a bakin Goggo ta fara jin kunyar ɗan fari. Ta ce za ta zo ta faɗi abin da ta ji. Lauya ta ce jin-an-ce ba shi da nauyi, za ta nemi a ɗaga zaman ko a samo wani masani, amma kada in sa rai. Na bi manyan mata gida-gida. Wannan ta ce ba ta iya Turancin kotu ba, waccan ta ce maigida ba ya son ta shiga harkar hukuma. Likitar nan mai kuka ta ce aikinta ba zai bari ba. Na sauko daga gidanta na tsaya a bakin titi da yaro a kafaɗa, ban san ko dama zan yi ko hagu ba. Ina jin tsoro. Tsoro nake ji irin wanda ban ji ba ko ranar da aka rufe maigidana.

Ziyarar ƙarshe kafin kotu na tafi daga ni sai ƙaramin. Ɗakin nan dai, ma'aikaciyar nan dai da biro a hannu. Yarinyar ta shigo ta gaishe ni, ta wuce wurin ƙanenta, ta durƙusa tana masa wasa, ta ba ni baya. Na dubi ƙeyarta, kitson da matar ta yi mata ya ɗan karkace. Na tuna cewa mako mai zuwa wani mutum da bai san mu ba zai iya cewa nan da shekaru masu yawa a wannan ɗakin kaɗai zan riƙa ganin ƙeyar nan. Ban shirya ba. Na buɗe baki kawai sunan ya fito, da wata murya kamar ba tawa ba.

Ba ta juyo nan da nan ba. Ta dubi ma'aikaciyar tukuna, ta ɗauka ita ce. Sannan ta juyo ta zuba mini ido. Da Turancinta, wanda ya fara komawa irin na mutanen Birmingham, ta ce, "Don ta rubuta kike faɗa?"

Na ce a'a. Na sake faɗa. Na faɗa har muryata ta dawo tawa. Ta taso a hankali ta tsaya a gabana, na riƙo hannunta, na ja ta jikina a gaban baƙuwa. Ta yi tsayi, ashe, kanta har ya kai haɓata.

Can sai na ji tana dariya a ƙirjina. Ta ɗago ta ce, "Kaka ta ci. Mun yi musu da ita, ta ce za ki faɗa, na ce ba za ki taɓa faɗa ba. Ta ce idan ta ci sai na cinye tuwo da miyar kuka har in suɗe kwano." Ta leƙa bayana wajen ƙofa. "Ina take? Ba ta zo ba yau? Kira ta a waya, ni zan gaya mata."

Ashe ba wanda ya sanar da ita. Na dubi ma'aikaciyar, ta sunkuyar da kai. Ya Allah, wannan baiwa taka ta yini tana haɗa 'ya'ya da iyayensu har ƙafafunta suka gaji. Ka yafe mata, ka yalwata mata kabari, ka sauke ta a gidan da ba a raba kowa da nasa. Wanda duk ya karanta wannan ya yi mata addu'a, ya haɗa da ni da 'yata, don har yanzu ban san wanda zai tashi ya yi magana a kotun nan ba.

Yarinyar tana ta jan hannun rigata, tana laluba jakata tana neman wayar. Na riƙe hannuwanta duka biyu, na zaunar da ita a kan cinyata. Na kira sunanta, na ce ta tsaya, akwai maganar da zan gaya mata.